Ƙofar Rijiya da Aka Toshe

Kai mai neman gidan saye, sai tambaya kake yi ɗaki nawa ne. Zauna ka ji.

A wata unguwa ta bayan gari, inda gonaki suka koma filaye, filaye suka koma gidaje, an yi wani gida da ya ƙi zama a hannun kowa. Wani tsohon magini ne ya gina shi, ya haƙa rijiya a tsakar gida, ya bar 'yar ƙofa ta baya don matan unguwa su riƙa ɗiban ruwa. Da ya rasu, magada suka sayar wa wani ɗan kasuwa. Kafin ya kwana a ciki ya sa aka toshe ƙofar da bulo, aka jera fasassun kwalabe a kan katanga. Damina ta zo, ruwa ya gangaro daga tudu ya cika gidan har gwiwa, ya sayar. Na bayansa ma'aikaci ne, ko gaisuwa ba ya amsawa sai ta gilashin mota. Shi ma damina ɗaya ya yi. Daga nan aka ce gidan yana da iska. Sai ga wani direban babbar mota, ya sayar da gonar gadonsa ya saya, yana sane cewa in gidan nan ya ci shi ba shi da inda zai kai iyalinsa. Ya lura bulon wani gefen katanga ya bambanta da saura, ya tambayi tsohuwar da ke maƙwabtaka da shi. Ta ce, "Ɗan nan, ƙofa ce. Masu kuɗi suka ɗinke mata baki." Ranar ya ɗauki guduma ya fasa bulon. Mata suka dawo da bokitai da surutu, tsakar gida ta jiƙe, matarsa tana mita: "Malam, gida muka saya ko kasuwa?" Bai kula ta ba.

Da damina ta yi tsakiya, yana kan hanyar Kudu da kaya, aka tsuge da ruwa bayan azahar. Matan da suka zo ɗiba suka fake a rumfarsa, su suka fara ganin ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure, ga matar gida da jariri a hannu. Ɗaya ta fita da gudu tana kiran maza. Suka zo da fartanya da shebur, suka tone tsohuwar hanyar ruwa ta bayan gidan, wadda a zamanin magini tare ake yashe ta kowace shekara, yanzu leda da yashi sun cike ta. Ruwa ya bi hanyarsa ya wuce. Da direban ya dawo ya tarar da katanga a tsaye, ɗakuna a bushe, kwanonin tuwon maƙwabta jere a ƙofar ɗaki. Ya bi gida gida yana godiya. Tsohuwar ta ce masa, "Na baya ma ba ƙin su muka yi ba. Wa zai tsallake kwalba ya ga halin da kake ciki?" Dillalai sun sha dawowa da tayi mai tsoka, yana sallamar su tun daga zaure. Jikokinsa a gidan aka yanke musu cibiya.

Shi ya sa Hausawa suka ce: alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.