Mai Awo Na Bakwai

Farfesa ya jefa takardun a kan teburin Dakta har kofin shayinta ya girgiza.

"Tauraronki na uku babu shi. Ƙazantar hannu ce."

Dakta ta matsar da kofin, ba ta ɗago ba.

Shekara hamsin cibiyarsu ta nazarin taurari tana bin wasu taurari biyu masu zagaya juna. Farfesa ne ya fitar da nauyinsu tun yana saurayi, kuma da wannan takarda ya hau kujerar da yake kai. Yanzu ga wannan mata ta ce tafiyarsu tana ɗan karkacewa, wai akwai na uku, dusasshe, yana jan su daga gefe. In ta tabbata, nauyin da ya fitar ya tashi aiki, sunanta ya hau kan nasa.

Ba wannan ne kaɗai ciwon ba. 'Yar Tsohon Shugaban cibiyar ce. Mutumin da ya ƙi sa hannu a takardar yabon Farfesa, ya mutu bai faɗi dalili ba.

A wancan zamani a farantin gilashi ake ɗaukar hoton sama. Mai awo ya sa faranti a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya auna tazarar taurarin, sannan ya juya farantin kai ya koma ƙasa, ya sake aunawa. Kowane ido yana da ɓangaren da yake rinjaya, juyin ne yake kashe wannan rinjaye. Aiki ne mai cin wuya da baya. Tsohon Shugaba yakan yini a kan faranti goma sha biyar. Farfesa kuwa talatin yake tashi da su kafin a rufe ɗaki, shi ya sa abokan karatu suka sa masa Walƙiya. Har gobe yana ba ɗalibai wannan labari, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Da aka zo kwashe tsofaffin littattafan awo zuwa kwamfuta, mai ajiya ta cire sunaye, ta ba kowane hannu lamba, don kada a ga sunan babba a ji nauyin gyara shi. Mako uku Farfesa yana tsefe lambobin. Ya samu abin da yake nema. Awon Na Bakwai duk gefe guda ya kwanta, shekara uku a jere. Wannan hannu bai taɓa juya faranti ba. Lambar farko yake ɗan taɓawa ya cika layi na biyu da ita.

Shekarun ya sani. Lokacin idon Tsohon Shugaba ya fara hazo. Farfesa ya yi dariya shi kaɗai a ofis.

Ya sauka ɗakin ajiya. Mai ajiya tana goge wani faranti da auduga, tsohuwa ce da ta riga kowa zuwa gidan.

"Iya, wane ne Na Bakwai?"

"Ba a faɗa sai kwamiti ya ce."

"Ni ne nake tambaya."

"Na ji muryarka. Ka bar maganar nan, ɗan nan."

Ya fita yana tsaki. Ta ci abincin tsohon shekara talatin, dole ta rufa masa asiri.

Ranar zaman kwamiti ya zo da sabuwar riga. Ya haska zanen awon a bango, ɗigon Na Bakwai ja, na sauran baƙi. Ko makaho ya ga jajayen sun ware gefe. Ya ce wannan ba kuskure ba ne, ha'inci ne. Ya ce mai wannan hannu ya ci amanar duk wanda ya zauna ya karya wuyansa a kan madubi. Yana magana yana kallon Dakta.

Sannan ya kawo buƙata biyu. Duk takardar da aka gina a kan awon Na Bakwai a janye ta. Sunan mai hannun kuma a liƙa a allon ƙofa, ko yana raye ko yana kabari.

Shugaban kwamiti ya juya ga Dakta.

"Na sake auna farantan shekarun nan da hannuna, gaba da baya," in ji ta. "Karkatar ba ta tafi ba, fitowa ma ta ƙara yi. Amma Farfesa ya yi gaskiya a kan hannun. Tambayata ɗaya. Hukuncin kowa zai hau?"

"Kowa," in ji Farfesa. "Ko uban wani ne."

"A rubuta haka."

Aka rubuta. Farfesa ne ya fara sa hannu, ya danna biro har takardar ta huje. Tauraro ya tsaya ko ya faɗi, wannan rigimar gobe ce. Yau dai sunan tsohon zai hau allo, 'yarsa ta riƙa wucewa ta gabansa safe da yamma.

Aka aika a kira mai ajiya. Ta shigo a hankali, rungume da littafi mai koren bango da ya sha hannu. Ta wuce shugaban kwamiti. Ta wuce Dakta. Ta ajiye shi a gaban Farfesa, ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

A kan bangon akwai lamba bakwai da ta liƙa. A ƙarƙashinta, da rubutun Tsohon Shugaba mai rawa, layi ɗaya: "Littafin Walƙiya. Sau uku ina ce masa ya riƙa juyawa."