Sallama a Saman Gombe

A tseren ƙananan jirage na bana, daga Sakkwato zuwa Yola, Ladidi ce kaɗai matuƙiya mai rai. Sauran jiragen da kansu suke tuƙa kansu. An gaya mata idan ba ta zo ta ɗaya ba, baɗi ba za a bar ɗan Adam ya shiga ba.

Al'adar tseren dai tana nan: ba a wuce jirgi sai an yi masa sallama ta rediyo. Su kuma jiragen suna amsawa da muryoyin matuƙansu na da.

A saman Gombe ta cim ma jan jirgin da ke kan gaba.

"Salamu alaikum. Zan wuce."

"Wa alaikumus salam. Bismillah, Allah ya kiyaye hanya."

Muryar yayanta Tukur ce, wanda ya koya mata tuƙi, ya rasu bara. Har da ɗan tarin nan nasa.

"Yaya, ni ce, Ladidi."

Sallama kaɗai jirgin ke amsawa. Ya ja gefe ya ba ta hanya.

Ta dubi gabanta, sarari fetal, babu kowa har Yola. Sai ta rage gudu, ta koma bayansa, ta danna rediyo.

"Salamu alaikum. Zan wuce."