Rular Kafinta da Zaren Tela

Bel na uku ya tsinke, ya wuce ta saman kan kafinta ya faɗa cikin garin katako.

"Injin banza!" in ji shi. Kwana biyu yana fama da haɗa sabon injin share katako, ga masu aiki suna jira. Sau biyar yana ɗora tsohuwar rularsa ta katako a gefen puli biyun da bel ke hawa, na sama da na ƙasa. Duk rula ta nuna sun daidaita.

Matarsa, wadda tela ce, ta leƙo da zare a hannu. "Maigida, kawo in gwada. Haka nake yi wa kekena."

Ya tuntsire da dariya. "Wannan ya yi miki kama da keken ɗinki? Shekara ashirin ina aiki da rular nan, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ta ja zaren ya miƙe a gefen pulin sama. Na ƙasa ya kauce kusan faɗin yatsa. Sai ta ɗora zaren a jikin rular. Ashe ta lanƙwashe kamar bayan tsoho.

Kafinta ya ɗauki rular yana jujjuya ta.

"Ƙofa bakwai ka yi mana a gida, ba mai rufuwa," ta ce. "Ka rantse yayana magini ne ya karkata bango. Shekara tara ba ka gaishe shi."

Ta danna lambar yayan nata a waya ta miƙa masa. "Tana shiga. Fara da 'Yaya, ina wuni'."