Rabin Katin Magani

Akwai wani mai awon hatsi a wata kasuwar ƙauye, irin mutumin nan da ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta. Shi ya san yadda ake ɗan buga gindin tiya ta lotsa, saboda haka a ganinsa duk mai sayarwa haka yake. Shekarar kuwa kaya sun yi tashin gwauron zabo, abin da ka taya da safe da yamma ya fi ƙarfinka. Da damina ta yi tsakiya, zazzaɓi ya kama autarsa, yarinyar da ba a daɗe da yaye ta ba. Ya kai ta ɗakin shan magani, aka duba jini aka ce na cizon sauro ne, amma maganin ya ƙare a wurinsu, sai dai ya saya a kemis. Nan ya fara gyaɗa kai: wato baki suka haɗa, wannan ya rubuta, wancan ya karɓa. Mai kemis ya miƙo katin ƙwayoyi guda, ya faɗi kuɗin da ya ninka na bara, ya ƙara da cewa, "Baba, ko jikin ya yi sanyi, a daure a shanye shi duka." Mai awo ya yi murmushin wanda ya gano lagon abokin ciniki. Shi za a koya wa tusa haja? Ya sa aka ɗauko almakashi aka raba katin biyu, ya biya rabi, ya tafi yana jin ya kuɓuta daga hannun ɓarayi.

Rabin kuwa ya yi aikinsa na rabi. Zazzaɓi ya sauka, yarinya ta nemi kunu, har ta koma tonon ƙasa a tsakar gida. Uwar ta roƙi a ƙaro sauran, ya ce ita ma an hure mata kunne. Ashe ciwon laɓewa ya yi. Ba a jima ba ya dawo da ƙarfinsa, jiki kamar garwashi, tafin hannu fari fat, sai ga jijjiga. A asibitin birni aka ce sai an ƙara mata jini. Mutumin da ya tsaya ciniki a kan 'yan ƙwayoyi ya fito da buhunan da ya ɓoye yana jiran farashi ya ƙara hawa, ya sallama su yadda aka taya, ko albarka bai ce ba. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Uwar ta komo gida da zanen goyo a ninke a hannu. Kwana na Allah ne, ba mai musu, sai dai abin da ban takaici. Tsada kan sa kowa zargin kowa, shi kuwa zargi ba ya gane gaskiya in ta fito daga bakin mai sayarwa. Shi ya sa magabata ke jan kunne, kada garin neman gira a rasa ido.