Hoton da Ke Bangon Gidan Tarihi

"Doña, an yi kuskuren suna," in ji sabon mai kula da gidan tarihin sojoji, yana kiran matar da ke tsaye gaban hoton da laƙabin girmama mata na can. "Wannan ba mahaifinki ba ne."

Ya juya hoton. A bayansa sunan wani ne, abokin aikin mahaifinta a injin rake na garinsu a lardin Tucumán. Tare aka ɗebe su yaƙi tun ba a haife ta ba, babu wanda ya dawo.

Kanta ya ɗaure. Shekara arba'in tana kawo furanni nan.

"Haba bawan Allah! Marigayiya mahaifiyata da kanta ta ɗaga ni gaban hoton nan, ta ce ga babanki."

Ya dubi hoton, ya dube ta, ya sunkuyar da kai. Idanunta da na mutumin da ke hoton iri ɗaya ne sak.