Atisayen Ranar Talata

Rumyana Gocheva tana tsakiyar cin banitsa, wainar cuku ta mutanen Bulgariya, man cuku na bin yatsunta, shugabanta ya turo ƙofa ba ko gaisuwa.

"Atisaye," in ji shi. "Ruwa ya cinye Sofia. Awa shida gare ki."

Ta dubi wandonsa, jiƙe sharkaf har gwiwa. "Yallaɓai Parvanov, yau har da kayan wasa ka zo? Bara da ka ce gobara ce ai ba ka ƙona rigarka ba."

"Kwata na faɗa a wajen ajiye mota. Kawo wayarki. Sabuwar doka ce."

Ta miƙa masa tana dariya.

Kamfaninsu ne ke riƙe da bayanan marasa lafiya na asibitoci goma sha ɗaya: hoton ƙashi, sakamakon jini, da maganin da jikin kowa ba ya so. Manyan kwamfutocin suna wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa a Sofia. Kullum da yamma ana kwafe komai a kan kaset, mota ta kawo su nan Plovdiv a jera a ma'aji. Rumyana ce ta rubuta tsarin, shafi tamanin, na abin da za a yi in Sofia ta mutu. Duk wata uku Parvanov yakan bugo waya ya ƙirƙiro wani bala'i, ita kuma ta ta da komai daga kaset, ta aika masa da hotonta tana hamma.

Ta goge hannu, ta ɗaure gashi. Abokin aikinta Nedyalko, dattijon da ya shekara talatin cikin sanyin ɗakin na'urori, ya miƙe ya kashe rediyo.

"Kawu, bar mana waƙar mana."

"Kaina ke ciwo, 'yata."

Suka fara. Nedyalko na zaro kaset daga ma'aji, ita tana ciyar da injin, tana karanto lambobi da muryar mai shelar jirgin ƙasa. Na ɗaya ya wuce, na biyar, na goma. Parvanov ya kasa zama. Wayarsa ba ta minti biyu ba ta yi ƙara ba, sai ya fita baranda ya ja ƙofa. Sau ɗaya ta jiyo shi yana cewa, "Haƙuri, likita, ku jinkirta aikin zuwa la'asar."

"Ji mutumin nan," ta ce wa Nedyalko. "Har likitan ƙarya ya ɗauko haya. Wannan ai gidan wasan kwaikwayo ya yi asararsa."

Nedyalko ya miƙo mata kaset na gaba. Rabonsa na banitsa yana nan kan tebur ya huce, shi da abinci ba ya kwana a gabansa ko na minti biyar.

Kaset na goma sha bakwai ya ƙi karantuwa. Ta fitar, ta share bakin injin, ta mayar. Ya sake tofo shi. A kansa ne bayanan sashen tiyata na asibitoci uku suke.

Parvanov ya tsaya a bayanta, fuskarsa ta yi fari fat kamar cuku.

"Wannan aikinka ne, ko?" Ta nuna shi da kaset ɗin. "Ka lalata ɗaya don ka ga na yi kuka. To ba ka karanta shafi na sittin da biyu ba. Kowane kaset yana da ɗan'uwa a akwatin ƙarfe, can ofishinmu na hayin kogin Maritsa. Kawu, ga mabuɗi, je ka a hankali."

Nedyalko, mai ciwon gwiwar da ke hawa bene yana hutawa a kowane mataki, ya fita da gudu.

Kafin ya dawo ta haɗa kofi, ta ɗora ƙafa kan kujera.

"Ni fa atisaye nake so," ta ce. "Da a ce da gaske ne, da tuni kun kwashe ni ranga-ranga. Ka tuna ranar da jar fitila ta kama a ɗakin batura? Na tsaya gaban ƙofa na manta lambar buɗewa, lambar da ni na saka da hannuna."

"Na tuna," in ji Parvanov. "Sha kofinki."

Ɗan'uwan kaset ɗin ya shiga lami lafiya. Daga nan aiki ya tafi zar. Sunaye suka fara cika allo, asibiti bayan asibiti, tana buɗe fayil ɗaya-ɗaya tana dubawa, tana tsokanar Parvanov da cewa a ƙara mata hutun mako guda a bakin teku.

Saura minti ashirin awa shida ta cika, ta danna maɓalli na ƙarshe, ta miƙe ta yi miƙa.

"An gama. Rubuta lokacin da kyau, kada ka ci mini minti ko ɗaya. Sai ka kira mutanen Sofia su kunna na'urorinsu, in mayar musu da kayansu in tafi gida."

Maza biyun suka dubi juna. Nedyalko ya turo kujera daidai bayan gwiwoyinta, ya tsiyayo ruwa a kofi ya tsaya riƙe da shi.

"Babu abin da za su kunna, Rumyana," in ji Parvanov. "Babban bututu ya fashe tun asuba, ruwa ya cika ɗakin na'urorin Sofia har rufi. Atisayenki sai watan gobe."