Gorar Rubutun Cima

A rediyon Baba na fara jin sunan Lawali, lokacin yana buga ƙwallo a ƙasar waje. Ya dawo Jibiya da manyan motoci da kuma ciwon damuwa, wanda kan sa ya kwana uku bai ce uffan ba. Saura wata ɗaya bikina da shi.

Ran kasuwa na iske shi a tashar bakin iyaka. Cima, tsohuwar budurwarsa, ta sauko daga motar Maraɗi tana hawaye, ta miƙa masa gorar rubutu. Direbobi sai "Allah sarki" suke yi. Shi kuwa ya sakar mata murmushin da na yi sati ina jira.

Na ce, "Lawali, ka kyauta."

Cima ta ce, "Haba baiwar Allah, mara lafiya ne fa!"

"Na sani, ni ke tuna masa magani kullum."

Ya dube ni, sannan ya mayar wa Cima da gorar. "Husaina, mu je gida ki ƙarasa faɗan."

Dama ranar da ya nemi aurena abu ɗaya ya roƙe ni: in bar wa mutanen gari tausayi, in ya yi laifi in yi fushi da shi kamar mai lafiya.